Kefka da Kaburburan Maijirgi

A ɗakin wasan da nike zuwa nan Tasawa, kowa ƙwallo yake bugawa. Ka ba da dala ashirin, ka ɗauki maneti, ka zaɓi Real ko Barça, a ci ka, ka tashi wani ya zauna. Ni ma haka nike yi har hutun da ya wuce, ranar da na tarar mai ɗakin shi kaɗai da hantsi yana wani wasa mai ƙananan mutane kamar ƙwayar gero. Na ce, "Yaya, wannan kuma mine ne?" Ya ce in zauna in gani. Zaman da ya ci mini kusan wata biyu kenan, kullum da safe kafin ƴan ƙwallo su cika wurin.

Sunan wasan Final Fantasy VI. Kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar da shi a 1994 a kan Super Famicom, Yoshinori Kitase da Hiroyuki Ito suka ja ragamar aikin, Nobuo Uematsu ya yi kiɗan. Wanda na buga sabon gyara ne da ya fito kan PlayStation 4 a 2023, kuma akwai Faransanci ciki, abin da ya cece ni kenan. Irin wasan nan ne na labari, inda kake shiga rigar jarumai kana yawo gari gari, kana magana da mutane, kana faɗa bi da bi. Duniyarsa ta tururi da ƙarfe ce: jirgin ƙasa, ramukan haƙar ma'adinai, masana'antu masu hayaƙi, jiragen sama masu kama da kwalekwale. Kamar an ɗauki Turai ta ƙarni na 19 an zuba mata sihiri.

Ga labarin a taƙaice. Wata daula mai babban birni Vector, ƙarƙashin sarki Gestahl, ta gano yadda ake kama wasu halittu masu sihiri da ake kira Esper, a sa su cikin kwalabe, a tatse ƙarfinsu a ɗura wa injuna da sojoji. Da wannan ƙarfi take cin ƙasashe. Wasan yana buɗewa da wata yarinya, Terra, cikin sulken ƙarfe mai tafiya da ƙafa biyu, tana ratsa dusar ƙanƙara zuwa garin Narshe. An sa mata wani kambu a ka wanda ya ƙwace mata tunani, sai abin da aka ce ta yi. Wato da makamin azzalumi kake fara wasan, kai ne kake ƙona masu tsaron garin da ba su yi maka komi ba. Ban taɓa ganin wasan da ya fara sa ni jin kunya kafin ya sa ni jin daɗi ba.

To amma Kefka ne ya sa na ɗauki alƙalami. Babban hafsa ne na daular, mai fenti a fuska da dariyar da za ka ji har cikin barci. A wajen yaƙin Doma, Janar Leo, sojan daular mai mutunci, ya hana a yi abin da bai dace ba. Da aka kira Leo gida, Kefka ya zuba guba cikin ruwan garin, kusan kowa ya mutu, har fursunonin daularsa da ke tsare ciki. Daga baya ya kashe Leo a Thamasa. Daga nan ya kashe sarkin da ya aike shi, ya naɗa kansa abin bauta.

Ina zaune gaban tele sai na ji gabana ya faɗi, don labarin nan na san shi, kuma ba daga Japan ba. Wanda duk ya bi hanyar Damagaram daga Tasawa ya wuce Maijirgi. Nan kaburburan Voulet da Chanoine suke, kaftin biyu na Faransa da suka ratso ƙasar Hausa a 1899 suna ƙone garuruwa, suna cika rijiyoyi da gawa. Sun yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, sun yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni. Da labari ya kai Paris aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Klobb, sannan ya shaida wa mutanensa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, daular kansa zai kafa. Cikin kwana uku sojojinsa baƙaƙe suka juya, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17. Hafsan da ya fi ƙarfin mai aikensa, ya kashe na kirkin da aka turo, ya ce shi ne sarki. Ban ce mutanen Square sun san Dankori ba, wallahi ban zata ba. Amma daula duk inda take irin ƴaƴa guda take haifa.

A rabin farko wasan ya san wannan sarai, kuma nan ne ya fi ƙarfi. In ka tsaya ka yi magana da mutanen Vector, wani zai gaya maka Kefka ne na farko da aka gwada ɗura wa sihiri, gwajin ne ya taɓa masa kai. Daular ce ta ƙera shi. Akwai kuma wurin liyafa, inda Gestahl ya jefa Kefka kurkuku, ya kira ƴan tawaye cin abinci, ya nuna duk laifin na mahaukacin nan ne. Ba a jima ba sai ga Kefka a sake, yana aikin sarkin. Wanda ya rubuta wurin nan ya san yadda manya suke wanke hannunsu.

Sai dai wasan da kansa ya zo ya faɗa tarkon da ya tona. Da Kefka ya gusar da gumakan nan uku duniya ta tarwatse, daular ta ɓace gaba ɗaya. Babu sauran Vector, babu masana'anta, babu wanda za a tambaya. Saura mahaukaci guda saman hasumiya, ka hau ka kashe shi, shi ke nan. Wannan kuwa ita ce tatsuniyar da Faransa ta ba duniya: wai zafin Afirka ne ya haukata hafsoshi biyu. Alhali mu mun san abin da ya biyo. Rundunar ba ta koma gida ba. Kafin watan Yuli ya ƙare ta shiga Damagaram, daga baya aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga, Joalland da Meynier suka wuce da ita har tafkin Cadi, aka gama da Rabeh a Kusseri a Afrilu 1900. Mahaukatan sun mutu, aikinsu ya zauna shekara sittin. A wasan, mahaukacin ya cinye daular. A Maijirgi daular ce ta binne mahaukatan ta ci gaba da tafiya.

Dubi Cid ma, injiniyan da ya gina kwalaben tatsar. Bayan rushewar duniya sai ya zama tsoho abin tausayi a wani tsibiri, Celes tana kiransa kaka, kai kuma kana kamo masa kifi don ya rayu. Na kamo, ban ƙi ba, wurin yana da taɓa zuciya. Amma ɗan ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, wanda kuma kuran yake ɗauke masa tsakiyar wasa, yana da ikon tambaya: yaushe aka yi wa Cid hisabi?

Wani abin da ya ba ni dariya da haushi shi ne hamadar Figaro. Fadar sarki Edgar tana nutsewa cikin rairayi ta ɓullo wani wuri, abin sha'awa ne ƙwarai. Sai dai hamadar ba kowa. Ba rijiya, ba makiyayi, ba kasuwa. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Mayahi, ya ga goriba jere bakin Gulbin Kaba, ya san ƙasa mai rairayi cike take da mutane. Su a wurinsu rairayi fili ne na faɗa da dodanni. Dodannin ma sun yi yawa: taku biyar faɗa, taku biyar faɗa, ga mai biyan kuɗin zama. Kuma can ƙarshe, da kowa ya koyi sihiri iri guda, jarumai goma sha huɗun suna komawa kamar mutum ɗaya.

Duk da haka ba zan ce muku kar ku buga ba. Rabin na biyu, wanda na gama zagi yanzu, yana da abin da ban gani ba ko a fim. Jarumai sun sha kashi, shekara ta wuce, kana bi gari gari kana neman abokanka, kowa da inda baƙin ciki ya ajiye shi. Terra tana Mobliz tana renon marayu, ta ce ba ta iya faɗa kuma. Cyan, wanda matarsa da ɗansa suka sha gubar Doma, wanda ya gan su suna hawa jirgin matattu, yana saman dutse yana rubuta wa wata yarinya wasiƙu da sunan saurayinta da ya rasu, don kar ta sani. Nan na ajiye maneti na yi shiru, har mai ɗakin ya leƙo ya ce, "Ƙane, lafiya?"

Terra ce ta fi tsaya mini a rai, saboda tambayar da muka yi gardama kanta a fada har shayi na uku ya huce. Yawancin waɗanda suka riƙe bindiga a rundunar Voulet baƙaƙe ne kamarmu, kuma su ne suka harbe shi daga ƙarshe. Wasan ya sauƙaƙa wa Terra, ya ba ta kambu, da an cire shi laifi ya tafi. Su ba su da kambu. Wani abokina ɗan Mayahi ya ce to sai a kira su jarumai, tunda su suka tsayar da abin. Na ce su ne kuma suka bi sauran hafsoshin zuwa Damagaram bayan mako biyu. Har muka watse ba wanda ya ja wani gefensa, kuma ya ce in an yi hutu zai zo Tasawa ya buga da kansa.