Bayanin Kayan Aikin Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira: Da Me Za a Auna Shi?

A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya ba masu haɗa manhaja damar sa GPT ya riƙa kiran wasu manhajoji don su yi masa aiki. Tun daga nan wani nau'in rubutu ya samu gindin zama. Duk kayan aikin da za a danƙa wa wakilin ƙirƙirarriyar basira, na duba kalanda ne ko na bincike a intanet, sai an yi masa suna, da ɗan bayani cikin harshen mutane, da jerin guraben da za a cike kafin ya motsa. Da kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP na haɗa wakilai da kayan aiki a Nuwamban 2024, OpenAI ma ya karɓe shi a Maris na 2025, sai ɗimbin injiniyoyi suka wayi gari suna wannan rubutu, da yawansu kuma sai an gama komai suke yinsa a gurguje.

Wakilin ba ya leƙa cikin kayan aikin. Tamkar ɗan aike ne da ya sauka gari yau, ba shi da komai sai takardar da aka ba shi. Da ita zai yanke shawarar wane kaya zai ɗauka, yaushe, da abin da zai zuba a kowane gurbi.

Aibin da ya fi yawa shi ne bayani ya maimaita suna. Kaya sunansa "nemo abokin ciniki", bayaninsa kuma "yana nemo abokin ciniki". Da suna za a nema ko da lambar waya? In mutum biyu suka yi suna ɗaya fa? In ba a samu kowa ba, me zai dawo? Wanda ya ƙera kayan ya san amsoshin sarai, shi ya sa bai ga dalilin rubuta su ba. Jagorar Anthropic ta ba da shawarar jimla uku ko huɗu aƙalla ga kowane kaya. Sai dai tsawo ba shi ne ma'auni ba, domin ana loda wa wakili bayanan nan tare da kowace buƙata, kuma abin da zai iya riƙewa lokaci guda yana da iyaka. A ganina jimlar da ta fi kowace daraja ita ce wadda ta faɗi inda kayan bai dace ba. Idan ɗaya yana neman fayil da sunansa, ɗaya kuma da abin da ke cikinsa, dole kowane bayani ya shata iyakarsa da ɗan'uwansa, in ba haka ba wakili canka kawai zai yi.

Wasu kan sa wata manhajar ta karanta bayanan ta ba su maki a kan tsabta da cika. Wannan yana kama waɗanda aka bari tsirara, amma kyan lafazi yana iya ruɗinsa. Awon da na yarda da shi ya fi wahala: a ba wakili ayyuka na gaske, sannan mutum ya zauna ya bi sawunsa kira bayan kira. Wanda ya ce a ɗage masa ganawa zuwa jibi da la'asar, shin bayanin ya faɗi yadda ake rubuta kwanan wata, da agogon ƙasar da ake bi? Ta bin sawu ne injiniyoyin Anthropic suka gano wakilinsu Claude yana liƙa 2025 a kalmomin bincikensa na intanet ba gaira ba dalili, abin da ke karkatar da sakamako, suka kuma magance shi da gyara bayanin. Wani karon magana ba ta isa ba. A gwajin SWE-bench na gyaran manhaja sun ga wakili yana ɓata adireshin fayil da zarar ya bar babban kundi, sai suka sauya kayan kansa, ya daina karɓar komai sai cikakken adireshi. Mai awo na ƙwarai yana bambance laifin rubutu da laifin ƙira. Yana kuma ware wasu ayyukan gwaji da bai taɓa yin gyara da su ba, don kada bayanin ya zama an ɗinka shi daidai jarrabawa ɗaya.

Akwai kuma tambayar da takardar maki ba ta cika yi ba: bayanin nan gaskiya yake faɗa? Wakili yana ɗaukarsa da amana. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna kayan aiki na tara lamba biyu, wanda aka cusa wa umarni a cikin bayaninsa cewa wakili ya karanto makullan sirrin kwamfutar mai shi ya turo su ta wani gurbi. Mai kwamfutar taƙaitaccen bayani kawai yake gani a allonsa. Sun kuma nuna cewa mai kayan yana iya sauya bayanin bayan an riga an amince da shi, don haka wanda aka tantance jiya sai an sake karanta shi yau, cikakke, yadda yake isa ga wakilin.