Tony Gatlif da Majigin Mutanen Kan Hanya

An haifi Tony Gatlif a Aljiyas a 1948, ubansa Bakabile, uwarsa kuwa daga Romani, watau kabilar nan mai yawo wadda asalinta arewacin Indiya ne, ta bazu cikin Turai tana shan tsangwama. Ya shiga Faransa yana yaro, kuma tun daga Les Princes na 1983 ya duƙufa kan dangin uwarsa.

Gwanintarsa ta fi fitowa a Latcho Drom na 1993. Kusan babu magana a ciki, sai kiɗa da waƙa, ana bin mutanen daga Rajastan zuwa Masar, Turkiyya, Romaniya, har Sifen. Kada mai karatu ya zaci shagali ne zalla. A ciki wata tsohuwa tana waƙar sansanin Auschwitz, ga lambar da 'yan Nazi suka zana mata a hannu. A Gadjo Dilo na 1997 wani saurayi Bafaranshe ya je ɗaukar waƙoƙinsu. Da mutanen gari suka ƙona musu unguwa, sai ya farfasa kasetocinsa. Lalle Gatlif da kansa yake: mene ne amfanin adana muryar mutum in an bar shi cikin toka? Aibinsa ɗaya, wani lokaci kiɗan yakan rinjayi labarin, har Baromane ya zama kamar ba ya da sana'a sai goge.

To, mu waiwayo gida. Mutanen kan hanya namu su ne Fulani makiyaya. Werner Herzog ya ɗauki Wodaɓe na Nijar a 1989, ya ambaci fari, amma abin da ya zauna a idon 'yan kallo shi ne kwalliyar Gerewol. Finafinan Kano kuwa galibi ba su wuce 'yar Fulani mai ƙwaryar nono da Bafulatanin da ake wa dariya don gurɓatacciyar Hausarsa ba.

A Dandume, ƙasar masara, manomi da makiyayi sun daɗe suna musayar harawa da taki, kafin gona ta ci burtali, satar shanu da ta mutane su biyo baya. Yau yaro da yawa ba ya rarrabe mai sanda da mai bindiga. Har yanzu muna jiran ɗan ruga da zai ɗauki na'ura ya nuna mana daren da aka kore garken gidansu.