Hayar Mota Mai Ƙarewa da Mallaka: Tsokaci a kan Ƙuduri na 110 na Majalisar Fiƙihu

Mai neman sabuwar mota wanda kuɗinsa bai kai ba yakan tsaya tsakanin hanyoyi biyu: ya saye ta bashi ta hanyar murabaha, ko ya karɓe ta haya bisa alƙawarin mallaka masa ita a ƙarshe. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a Nijeriya a 2012, wannan mas'ala ta fito daga littattafai ta shiga rayuwar malaman makaranta da ma'aikata. Yawancin masu tambaya sukan tsaya a kan kuɗin wata-wata, alhali abin da fiƙihu ya fi dubawa shi ne wanda hasara za ta hau kansa idan motar ta salwanta.

A murabaha, motar ta zama ta mai saye tun ranar ƙulla ciniki. Idan ta ƙone hasararsa ce, bashin kuma yana wuyansa. A ijara kuwa, motar mallakin banki ce, kuma amana ce a hannun mai haya, ba ya lamuncewa sai ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Asalin wannan shi ne hadisin Nana A'isha da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, mai nuna cewa amfanin abu na wanda yake ɗauke da lamuninsa ne.

Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya, da rinjayen mambobinta, ta haramta hayar da ke ƙarewa da mallaka a 1420 bayan Hijira. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Riyad a 2000, ta rarrabe. Ta hana haɗa haya da ciniki a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ta halatta idan hayar ta gaske ce, mallakar ta zo da ƙulli na daban, lamuni da manyan gyare-gyare da kuɗin takaful kuma suka kasance a kan mai motar.

Ƙarfin ƙudurin yana nan. Ya toshe dabarar karɓar kuɗin haya a matsayin mai abu, sannan a ɗora wa mai haya hasara kamar shi ne mai abu. Ga ɗalibin Malikiyya ma haka ya fi dacewa, domin mazhabar ba ta hana haɗa ciniki da ijara a ƙulli ɗaya ba. Illar ita ce abu guda ya zama abin sayarwa kuma abin haya a lokaci guda.

Sai dai ƙudurin ya bar giɓi. Kuɗin da ake biya a irin wannan haya ya ɗara hayar kasuwa, saboda farashin motar yana ɓoye a cikinsa. To mene ne hukuncin wanda ya biya shekara uku daga cikin huɗu, sannan ya rasa aikinsa? A murabaha za a sayar da motar, a biya ragowar bashi, a ba shi saura. A haya yana iya tashi ba mota ba kuɗi. Wannan zalunci na cikin hujjojin malaman Saudiyya, ƙudurin kuma bai warware shi ba. Ma'auni na 9 na hukumar AAOIFI ya wajabta komawa ga hayar kasuwa da mayar da rarar, amma a inda mallaka ta gagara ba da sanadin mai haya ba. Wanda ƙunci ya kayar bai sami mafita bayyananniya ba, alhali aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da jinkirta wa mai ƙunci.

Saboda haka, bai kamata mai fatawa ya wadatu da sunan ƙulli ba. Ya karanta takardar, ya ga wa ke biyan takaful, ko haya na tsayawa idan mota ta salwanta, da makomar rarar kuɗi idan aka warware. Idan amsoshin suka karkata ga banki, murabaha ce ta fi kusa da adalci. Allah ne Mafi sani.