Tsokaci a Kan Asalin Sifofin Ingilishi Masu Nuna Wofi da Makanta

Duk shekara idan muka zo darasin fassara, nakan ba ɗalibai jimlolin Ingilishi masu ɗauke da sifofin nan: 'empty', 'vacant', 'void', 'blank' da 'blind'. Abin da ke dawo mini kusan iri ɗaya ne. Huɗun farko duk sukan koma "ba komai", ta biyar kuwa "makaho". Wani ɗalibi ya taɓa mayar da 'blind alley' "makauniyar hanya". Da na tambaye shi ko hanya tana da ido, sai ya ce abin da ƙamus ɗinsa na aljihu ya ba shi ke nan. Wannan takarda za ta duba inda waɗannan sifofi suka fito, sannan ta yi sharhi a kan wani ra'ayi da ake yawan maimaitawa game da tushensu, wanda nake ganin ya fi daɗin ji a kan ƙarfin hujja.

Mu fara da 'empty'. A tsohon Ingilishi siffarta ita ce 'æmtig', daga suna 'æmetta', wato hutu ko rashin aiki. Da farko kalma ce da ake faɗa wa mutum: wanda ba abin da ya riƙe shi, har da wanda bai yi aure ba. Daga baya ne ta sauka a kan tulu da ɗaki. Harafin 'p' da ke tsakiyarta ba na asali ba ne, furuci ne ya haife shi. Wannan tafiya daga hutu zuwa wofi ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Mukan ce "ban sami sarari ba" muna nufin lokaci, mu kuma ce "an bar sarari" muna nufin wuri. Haka ma a Latin, aikatau 'vacare' ya haɗa zama a sake da zama ba kowa a ciki. Daga gare shi aka sami 'vacant', kuma daga gare shi ne 'vacances' ɗin da ɗalibanmu masu Faransanci ke ɗokin zuwansa. Saboda haka kujerar da aka ce 'vacant' kujera ce mai jiran mai zama, wato gurbi. Gidan da aka ce 'vacant' ana iya kama hayarsa gobe, ba kango ba ne.

'Void' daga dangin nan take, ta biyo ta tsohon Faransanci, kuma ƴar'uwar 'vide' ce ta yau. A Ingilishi ta fi zama a bakin lauyoyi: yarjejeniyar da aka ce 'void' rusasshiya ce, ba ta da ƙarfin doka, ko da takardarta cike take da rubutu.

Wadda ta fi jan hankali ita ce 'blank'. Duk ɗalibin da ya yi makarantar Faransanci zai gane ta nan take, 'blanc' ce, wato fari. Ta shiga Ingilishi a cikin ɗimbin kalmomin da suka kwararo bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. Faransanci kansa aro ya yi daga harshen Farankawa, inda take nufin abu mai ƙyalli, Latin kuwa 'albus' yake cewa. Daga fari aka koma farar takarda, daga farar takarda aka koma duk abin da ya kamata a ga alama a kansa amma ba a gani ba. Wannan shi ne bambancinta da 'empty': 'empty' tana duban ciki, 'blank' tana duban fuska. Fanko 'empty' ne, allon da aka wanke 'blank' ne. Harsashin da aka ce 'blank' yana da albarushi, yana ƙara, dalma ce babu. Waƙar da aka ce 'blank verse' tana da kari, amsa-amo ne babu. Ko bargo, 'blanket', sunansa daga farin ulu ya samo asali, ga shi yau ba mai jin wani abu idan an ce jan 'blanket'.

A nan ne wofi da makanta suka haɗu a hannun marubuci ɗaya. John Milton ya makance gaba ɗaya wajen 1652, kuma Paradise Lost, wadda ta fito a 1667, shifta ya yi wasu suka rubuta, da wannan kari marar amsa-amo. A farkon littafi na 3, inda yake kukan rashin idonsa, ya kwatanta halitta da littafi, kuma kalmar da ya zaɓa don abin da ya rage masa ita ce 'blank'. Mai fassarar da ya sa "duhu" a wurin ya ɓata hoton. Milton ya ambaci duhu dabam, a nan shafi yake nufi wanda aka shafe rubutunsa.

To, ga ra'ayin da na ce zan yi sharhi a kansa. A jerin tushen kalmomin Indo-Turai da Calvert Watkins ya tsara wa ƙamus ɗin American Heritage, wanda ya fara fitowa a 1969, an tara 'blank', 'bleak', 'black' da 'blind' a ƙarƙashin tushe ɗaya mai ma'anar haskawa ko ƙuna. Daga nan masu son labari mai daɗi suka ɗauka: wai makaho a tunanin Bature shi ne wanda haske ya kashe wa ido, wai fari da baƙi ɗan juma ne da ɗan jummai. Watkins malami ne na gaske, kuma bai ɓoye cewa aikinsa sake gini ne ba. Kowane tushe irin wannan da tauraro ake rubuta shi, alamar cewa ba a same shi a rubuce ko'ina ba. Masu maimaitawa ne suke yar da tauraron. Abin da yake da ƙafafu shi ne wannan: 'blind' tana nan a tsohon Ingilishi da wannan siffa, tana nan a Jamusanci, kuma masana suna danganta ta da 'blend', wato gauraya, da wata kalmar Lituwaniya mai nufin gurɓataccen ruwa. Matakin da ke bayan wannan, daga gurɓata zuwa haske, zato ne. Ina koyar da shi a matsayin zato, kuma ba na ba da maki ga wanda ya rubuta shi kamar ya gani da idonsa.

Ma'anar gurɓata ta ma fi yi wa mai fassara amfani, domin a tsohon Ingilishi 'blind' tana nufin marar gani, tana kuma nufin wuri mai duhu ko ɓoyayye. Wannan reshe na biyu bai mutu ba. 'Blind alley' lungu ne da ba ya ɓullewa. 'Blind corner' kwana ce da direba ba ya hango abin da ke bayanta. 'Blind' na taga labule ne. Ba ɗaya a cikinsu da ke buƙatar "makaho", kuma ni ban ga dalilin jawo sunan bayin Allah masu lalurar ido cikin maganar lungu da kwana ba, alhali Hausa ba ta yi haka a waɗannan wurare. Faransanci ya bi wata hanya dabam: 'aveugle' daga Latin 'ab oculis' take, marar idanu, kuma lungun nan 'impasse' yake ce masa.

Kada kuma ɗalibi ya ɗauka asalin kalma shi ne alƙalin ma'anarta. 'Purblind' a ƙarni na 13 zuwa na 14 tana nufin makaho ɗungurungum, yau tana nufin mai gani dishi-dishi, ko mai nauyin fahimta. 'Sand-blind' ta fi ban dariya. Masana suna ganin gaɓar farko 'sam' ce, wato rabi, ƴar'uwar 'semi' ta Latin. Da mutane suka manta da ita sai suka ji 'sand', yashi, suka ƙago wa kansu bayani. Shakespeare ya yi wasa da wannan kuskure a The Merchant of Venice, inda wani bara ya ƙirƙiro makantar tsakuwa don ta zauna tsakanin ta yashi da ta dutse, tunda akwai 'stone-blind' tun da. Mai fassara wasan zuwa Hausa yana da dundumi da hakiya da makanta a hannunsa, amma ba su jeru a kan yashi da tsakuwa da dutse ba, sai dai ya nemo wani abin dariyar da zai sa a gurbin.