Hannu Da Yawa A Kan Sakin Layi Ɗaya: Kare Aikin Ɗalibai A Wikipedia

Har gobe akwai malaman jami'a da ko sunan Wikipedia suka ji sai su yatsine fuska. Hujjarsu ba ta wuce biyu ba: kowa na iya shiga ya rubuta, kuma rubutun da ba shi da uba ba a san wanda za a kama da laifinsa ba. Da suka ji wasu takwarorinsu a Amurka da Kanada suna sa ɗalibai gyara maƙalolin shafin a madadin rubutun ƙarshen zango, sai suka ƙaro ta uku, wai an mayar da aji filin gayya inda rago ke fakewa a bayan mai himma. Ni kuwa ina ganin wannan aiki nau'in rubutu ne mai cin gashin kansa, wanda masu nazari suka yi wa riƙon sakainar kashi. Misali ɗaya ya ishe ni: ajin ilimin yanayi da aka bai wa maƙalar datsewar iska mai sanyi a jikin tsaunuka.

Tarihin shafin gajere ne. Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a watan Janairun 2001. A 2005 mujallar Nature ta gwada maƙalolin kimiyya 42 na shafin da na kundin Britannica, ta samu kura-kurai kusan huɗu a kowace maƙala ta farkon, kusan uku a ta na biyun, kodayake Britannica ta ƙi amincewa da binciken. A 2007 sashen tarihi na Kwalejin Middlebury ya hana ɗalibansa kafa hujja da shafin. A 2010 gidauniyar Wikimedia mai kula da shafin ta fara gwajin shigar da aikin cikin azuzuwan jami'o'in Amurka, daga baya aka kafa ƙungiyar Wiki Education ta ci gaba da shi. Hanin Middlebury, wanda masu suka ke yawan jawowa, bai shafi zancenmu ba. Kwafo daga kundi daban, rubuta kundin daban.

Abin da maƙalar datsewar iskar ke bayani a kai shi ne wannan. Tsaunukan Appalachia sun miƙe ta gabashin Amurka, ƙololuwarsu mafi tsawo, Mitchell, ta kai mita 2,037. Idan iska mai sanyi da nauyi ta taru a gabashin Kanada ko arewa maso gabashin Amurka, takan gangaro kudu tsakanin tsaunukan da tekun Atlantika. Ba ta iya haye tsaunin, sai ta kwanta a gindinsa, ta mamaye Virginia da Carolina ta Arewa da ta Kudu har birnin Atlanta. Masana yanayi Bell da Bosart sun yi mata fitaccen nazari a 1988.

To, inda gwanintar wannan nau'in rubutu take, a ganina, shi ne sakin layi na farko. Ƙa'idar shafin ta ce gabatarwa ta taƙaita duk abin da ke ƙasa, kada ta kawo abin da babu shi a ciki, kuma wanda bai san fannin ba ya iya fahimtarta. Bari mu bi yadda irin wannan sakin layi kan samu a hannun aji.

A ce ɗalibi na farko ya rubuta cewa iska mai sanyi tana taruwa a jikin tsauni kamar ruwa a bayan madatsa. Jimlar tana da daɗi, kuma a takardar jarrabawa da ta ci maki. A nan kuwa na biyu zai zo ya ce ruwan madatsa a tsaye yake, wannan iska kuwa gudu take yi, tana bin gefen tsaunin daga arewa maso gabas. Kafin ya samu damar sauya jimlar, dole ya san dalili. Iskar da ta doso tsauni daga gabas takan rage gudu. Da ta rage gudu, karkatarwar da jujjuyawar duniya ke yi mata sai ta raunana, bambancin nauyin iska tsakanin arewa da kudu ya yi rinjaye, ya tura ta kudu. Tana wannan tafiya kuma jujjuyawar duniya na sake karkata ta dama, wato wajen tsaunin, shi ya sa take jingine da shi, ta fi kauri a gindinsa, tana sirancewa wajen teku. Duk wannan dogon bayani ƙasa za a ajiye shi. Abin da zai hau gabatarwa bai wuce kalmomi biyar ko shida ba, masu cewa iskar tana kwarara a gefen tsaunin. Amma ba mai iya zaɓo waɗannan kalmomi sai wanda ya haɗiye bayanin gaba ɗaya.

Na uku zai so ya cusa lissafi. Ya karanta cewa akwai ma'aunin Froude, wanda ke gwama gudun iska da tsawon tsauni da kuma yadda iskar ke turjiya ga hawa sama, in ma'aunin ya yi ƙasa da ɗaya iska ba ta hayewa. Gaskiya ne, amma ba gurbinsa ba ne. Na fi jin daɗin ajin da ya kore lissafin zuwa sashe na biyu ya bar jimla ɗaya: iskar ta yi nauyi, ba ta da ƙarfin hawa. Masu cewa wannan rage wa kimiyya daraja ne ba su taɓa gwada rubuta irin jimlar ba.

Na huɗu zai lura cewa sakin layin ya yi magana kamar a Appalachia kaɗai abin ke faruwa, alhali ana ganinsa a gabashin tsaunukan Rocky da jikin tsaunukan Andes. Kalma ɗaya, "musamman", ta warware matsalar. Haka kuma wanda ya rubuta cewa da sanyi kawai ake samunsa, za a nemi ya kawo hujja, ya je nema ya tarar yana faruwa ko da zafi, sai dai da sanyi ya fi tsanani. Ya kuma ci karo da aikin Bailey da abokansa na 2003, inda aka rarrabe tsakanin wanda babbar iskar arewa ke haddasawa, da wanda ruwan sama ke haifarwa a wurin idan ya faɗo cikin busasshiyar iska ya ƙafe ya sanyaya ta, da wanda ya haɗa biyun. Ɗalibin da ya shigo da "kullum" ya fita da "sau da yawa" ya koyi abin da lacca ba ta cika koyarwa ba.

Jimlar rufewa ita ce ta talaka, mai tambayar ina ruwana. Iska mai ɗumi da laima takan hau kan kwantacciyar mai sanyin. Ƙanƙarar da ta taso daga sama ta narke a cikin ɗumin, ta faɗo cikin siririn sanyin ƙasa, ta daskare a kan waya da reshe da kwalta. A farkon Disamban 2002 irin wannan ruwa ya bar gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan ɗaya ba wutar lantarki a jihohin Carolina biyu. Masu hasashen yanayi kuma sun daɗe suna kuka cewa na'urorinsu kan nuna sanyin zai watse tun kafin lokacinsa. Gabatarwar da ba ta ambaci wannan ba ta manta da mai karatu.

Zancen rago kuwa ba ya tsayuwa. Shafin tarihin maƙala yana riƙe da kowane harafi da wanda ya sa shi da lokacin da ya sa. A aikin rukuni na takarda ne sunaye biyar kan hau abin da mutum ɗaya ya rubuta. Sukar da na yarda da ita ɗaya ce: wasu azuzuwa kan zubar da kwafaffen rubutu su tafi da ƙarewar zango, su bar wa 'yan sa-kai shara. Wannan laifin malamin da bai duba ba ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a samu malami Bahaushe cikin masu ƙyamar rubutun hannu da yawa. Duk wanda ya buɗe tsofaffin littattafan zaure, ko ya duba rubuce-rubucen hannu da ke ajiye a Gidan Arewa a Kaduna, ya ga gefen shafi cike da hashiya, wannan ya fassara kalma da ajami, wancan ya gyara, wani ya kawo abin da malaminsa ya ce. Ba wanda ya ce littafin ya lalace don hannaye sun yi yawa a kansa. Bambancin shi ne mai hashiya ba ya taɓa matani, ɗalibin Wikipedia kuwa matanin yake taɓawa, shi ya sa aka ɗora masa sharaɗin kada ya faɗi ra'ayinsa, kada ya rubuta abin da bai nuna inda ya samo ba. Ni dai a wurina wannan sharaɗi ya fi na rubutun zango tsauri, domin rubutun zango mutum ɗaya ke karanta shi, sau ɗaya, sannan ya shiga kwali.

Akwai Wikipedia ta Hausa, kuma muna da namu al'amarin iska da ya cancanci irin wannan hidima. Malaman labarin ƙasa a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, ku bai wa aji ɗaya maƙalar hunturu, tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi inda ƙura ke tasowa har zuwa hazon da ke hana jirage sauka, ku ce makinsu yana kan sakin layi na farko.