Jinjina Ga Masu Zayyanar Allo

A Gusau, in yaro ya kusa saukar Alƙur'ani, akan kai allonsa wurin mai zayyana. Haka ake yi a Tsafe da Bungudu. Malamin zai zauna a zaure, ya fiƙe alƙalamin gamba, ya dama tawada da ƙaro, ya jera 'yan kwalaben ja da kore da rawaya. Fatiha a gefe guda, farkon Baƙara a ɗayan, sannan ya kewaye su da zane daki-daki, hannu ba ya rawa. Na fi son lokacin da yake hura wa tawadar iska don ta bushe. Ranar walima kowa yaron yake kallo, ba a cika tambayar wanda ya yi zanen ba. Allah Ya saka muku, malamai.