Tazarce: Daga Bakin 'Yan Siyasa Zuwa Shagon Tela

Kwanakin baya wata amarya maƙwabciyata a nan Nasarawan Doya ta aiki ƙaninta wurin tela, wai a ɗinka wa maigidanta tazarce ta Sallah. Na ce mata, "Ke kuwa kin san inda sunan rigar nan ya samo asali?" Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai sunan ɗinki ne kawai."

To 'yar uwa, ba sunan ɗinki ba ne tun farko. A 1998 ne kalmar ta cika gari, lokacin da ake ta kiran Janar Sani Abacha ya tuɓe kaki ya zarce da mulki. Jam'iyyu biyar ne a ƙasar, dukkansu kuma suka tsayar da shi. Allah bai nufa ba, ya rasu ran 8 ga Yuni na shekarar. Mai kalma ya tafi, kalma ta zauna. Ta faɗa kan yunƙurin Obasanjo na zango na uku, wanda Majalisar Dattawa ta watsar a 2006. Ta ƙetara Nijar a ƙarshen 2008, magoya bayan Tandja Mamadou suka ɗauke ta, sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010.

Ba wai laƙaba sunan shugaba ga kaya ne laifi ba. Iyayenmu na kiran naira ashirin Murtala, saboda hotonsa da ke jiki, kuma da ƙauna suke faɗa. Keke mai ƙafa uku ya zama A Daidaita Sahu daga shirin Malam Ibrahim Shekarau a Kano. Waɗannan ba su ɓoye komai ba.

Tazarce ce nake ƙorafi a kanta, don an wanke ta tas. Maganar da asalinta ƙin sauka ne daga kujera, ta bi ta wuyan riga ta zama abin ado. Yau ko kansila ke neman komawa, sai a raba mana atamfa da sabulu, mu cika mota zuwa Maƙarfi muna guɗa muna "Tazarce!" Babu mai tambayar rijiyar da aka yi alkawari, ko maganin asibiti. Mu mata kuwa mun fi kowa dogon layi ranar zaɓe.

Amaryar dai an kawo ɗinkinta, shuɗiyar shadda, ya yi kyau ƙwarai. Da ta zo nuna mini sai ta ce, "Yaya, yanzu me zan riƙa ce mata?" Na ce ta tambayi telan.